Ina baƙar mace a littattafan soyayya?

Malam Edita,

Ina jin haushin masu raina littattafan soyayya. Tun 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, ta yaƙi auren dole da hana 'ya mace boko, lokacin da maza da yawa suka yi gum.

Amma ina da ƙorafi ga marubutanmu. Me ya sa sau da yawa tauraruwar labari sai fara sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya? Baƙar kuwa 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. 'Yan matanmu suna karantawa, su tafi kasuwa neman man bilicin. Don Allah a rubuta mana baƙar budurwa wadda ake so.

Mai karatunku, daga Kano