Ra'ayinmu: Ɗalibin Da Ke Tsoron Tambaya

 

Ya 'yan'uwa, a Birniwa da sauran garuruwan ƙasar Haɗejiya an gina azuzuwan Islamiyya da gumin manoma da masunta, kuma alhamdu lillahi sun cika. Sai dai wanda ya tsaya bakin taga ya saurara zai ji hadda tana tashi, amma da wuya ya ji tambaya. Yaron da bai rarrabe farillan alwala da sunnoninta ba ya gwammace ya yi shiru, domin ya ga abin da ya sami na kusa da shi.

Wannan ba tarbiyyar magabata ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara 10, bai taɓa tsawata masa ba. Nana A'isha kuwa ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 256 Hijiriyya, ya taƙaita dukan ɗalibi a kan karatu ga bulala uku, kuma ya hana malami duka cikin fushi. Ibnu Khaldun ya bayyana dalilin: tsanani yana koya wa yaro ƙarya da yaudara, domin ya kuɓuta. To, me muka gyara in mun fitar da mahaddaci maƙaryaci?

A tuna kuma cewa yaran da ambaliyar 2022 ta rushe gidajensu suna cikin waɗannan azuzuwa. Wanda ya makara ana fara tambayarsa dalili ne kafin a ɗaga hannu.

Ba malamai kaɗai muke zargi ba. Malamin da ake riƙe masa ɗan alawus ɗinsa wata da watanni, kuma yana tsoron kokawa kada a ce ba ya da ikhlasi, a kan yara zai huce.

Don haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu da su mayar da bulala hannun shugaban makaranta shi kaɗai, su zauna da iyaye da malamai kowane wata, kuma su keɓe malama mace wadda 'yan mata za su kai wa kukansu ba tare da an tona musu asiri ba.