Giɓin Shekaru 13: Wa Zai Gaya wa Matasan Challawa Su Wane Ne Magabatansu?

A shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka narkar da ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa. Sai a watan Nuwamban 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi, aka ƙaddamar da dawo da shi a hukumance. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka cire darasin, yau ya haura shekara 20. Irinsa ne suka cika masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai, kuma daga cikinsu ake ɗaukar sababbin malaman makaranta.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a ga tabon wannan giɓi. Matashi zai kira sunan Kwalejin Rumfa ko Gidan Rumfa, amma da wuya ya faɗa maka cewa Sarki Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Mai aiki a majemar Challawa yana sarrafa fatar da za a fitar zuwa Turai, alhali bai san cewa ƙarnuka kafin a kafa harsashin masana'antar ba, ayarin raƙuma na ratsa Sahara da jemammiyar fatar ƙasar Hausa, har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko. Wanda bai san gadonsa ne ba, ganin sana'ar zai yi a matsayin ƙwadago kawai.

Haka lamarin yake a fagen adabi. An san Magana Jari Ce, amma Abubakar Imam, wanda ya rubuta ta kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya koma suna a bangon littafi. Sa'adu Zungur, da ya rasu a 1958, ya fi zama sunan gini a kunnen yara fiye da malami kuma mawaƙin da ya farkar da Arewa.

Sai dai ɗora wa gwamnati laifin duka ba adalci ba ne, domin makarantun Islamiyya ba su jira izinin Abuja kafin su tsara karatunsu ba. Ɗalibi kan sauke Ahalari da Risala ba tare da an gaya masa cewa mai Ahalari malamin ƙasar Aljeriya ne na ƙarni na 16 ba, ko cewa Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ne da ya rasu a 386 bayan Hijira. Ɗalibai nawa ne suka san Shehu Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa Rumfa nasiha kan mulki, ko cewa a birnin nan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkam? 'Yan mata nawa aka gaya wa yadda Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru don ilmantar da matan karkara? Alhali malaman Musulunci sun mai da sanin tarihin mutane fanni mai zaman kansa, tun da ba a karɓar hadisi sai an san mai ruwaya.

Hatsarin a bayyane yake. Matashin da bai san malaman ƙasarsa ba, duk wanda ya ɗaga murya a TikTok zai iya zame masa jagora, domin ba shi da ma'aunin da zai gwada shi a kai.

Dawo da darasi a takarda ba zai wadatar ba, tun da mai koyarwar ma cikin giɓin ya tashi, kuma wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. Gyaran ya kamata ya fara daga inda ake horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ƙaramar hukumar da Challawa take ciki. Islamiyyu su mai da shi doka cewa ba a buɗe littafi sai an karanta tarihin mawallafinsa. Masu masana'antu kuwa, ɗaukar nauyin kai ɗaliban maƙwabtansu Gidan Makama ba zai girgiza jarinsu ba. Allah Ya sa mu gane, Ya jiƙan magabata.