Kafin Ka Sayi Injin Iska, Je Ka Tambayi Mai Noman Rani

Saura 'yan watanni mu ajiye biro, kuma hira ɗaya ake yi a ɗakunan kwananmu yanzu: wace sana'a za a kama kafin takarda ta fara amfani? Mu 'yan sashen injiniya da yawanmu ido yana kan sola. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farantan sola suka bazu, a kan gidaje, masallatai, shaguna, har cikin gonakin rani. A wajenmu Kura da Bunkure kuwa, ga hazon hunturu ga ƙurar injinan casar shinkafa. Kwana kaɗan faranti ya yi furu-furu, wuta ta ragu, maigida ya hau zagin batir alhali ba laifinsa ba ne. Wanke rufi da faranti sana'a ce da ke jiran masu yi. Ni da wani ɗan ajinmu mun gwada ta a hutun da ya wuce, muka tafka asara, shi ya sa nake wannan rubutu.

A YouTube muka ga salon da Amurkawa ke wanke rufi a hankali, da ruwa mai yawa amma mara ƙarfin bugu. Wasunsu suna amfani da famfo mai tantanin roba wanda iska ce ke tafiyar da shi. Famfon ya burge mu, don ruwa mai laka ba ya damunsa, ko ruwa ya ƙare ba ya ƙonewa. Muka samu na hannu, mai rabin inci. Saura kwamfireso. Muka shiga wani shago a birni, muka ga wata ja mai sheƙi, tukunya lita 50, an rubuta doki biyu, bar 8. Ba mu tambayi komai ba sai kuɗinta. Da kuɗin adashen yayata muka biya.

Ranar farko a kan rufin mutane, famfo ya tashi da ƙarfi har muna tafawa. Kafin minti ɗaya ya koma numfashi sama-sama, ruwa yana ɗiga a bakin tiyo. Mu jira tukunya ta cika, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Maigidan yana tsaye a ƙasa yana kallonmu.

Lissafin da ya kamata mu yi a shago, sai daga baya muka yi shi. Famfo irin namu yana son iska kusan CFM 10, wato kamar lita 280 a minti, kuma ba yankewa. Ƙananan kwamfireso irin tamu abin da suke fitarwa na haƙiƙa bai cika wuce rabin haka ba, domin lambar da ake mannawa a jiki yawanci ta iskar da fistin ke zuƙa ce, wadda ke isa tiyo ba ta kai ta ba. Tukunyar da ta ruɗe mu kuwa, idan ta sauka daga bar 8 zuwa 6, iskar lita 100 kacal ta bayar. Ku raba da giɓin ku gani, ko minti ɗaya ba a kai ba. Tukunya rumbu ce kawai, ba ta noma.

Da na kai wa kawuna kuka, shi da bai taɓa shiga aji ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗan nan, inci nawa take bayarwa?" Na ce, "Kawu, doki biyu ce." Ya ce shi ba doki ya tambaya ba. Mutumin nan tun yana saurayi yake noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma inda kanal bai kai ba da inji yake ban ruwa. Bai taɓa sayen inji don fenti ko girman tankin mai ba. Inci biyu ko inci uku, fadin gonarsa nawa, awa nawa zai jiƙa ta, shi ke nan. Wannan fa shi ne darasin gudun ruwa da muka haddace, muka zazzage a takardar jarrabawa, muka bar shi a can.

Wani zai ce to a ƙara girman tukunya mana. Ka ƙara minti ɗaya ko biyu ne kawai, ka kuma ƙara wa kanka kaya. Wani zai ce a ɗauko injin wankin mota a huta. Wancan yana bugu da fiye da bar 100, zai iya tura ruwa ta gefen faranti ko ta ramin ƙusa a kwano, damina ta zo a neme ka. Idan lallai famfon iska kake so, fara da takardarsa, ka ga iska nawa yake ci, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ka nemi kwamfireso da ke ba da hakan a matsin da za ka yi aiki. Galibi za ka ƙare ne a mai injin fetur, doki biyar da rabi zuwa sama, irin injin da ke jikin famfon ban ruwa, wanda kowane makaniken Kura ya san cikinsa. Mai amfani da lantarki kuma tana fizgar wuta sosai wajen tashi, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta. Ka riƙa wanke matatar iska, ka zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tukunya kullum.

Amma ni ra'ayina, yawancinmu ba ma buƙatar kwamfireso sam. Su can gansakuka suke kashewa a rufinsu, shi ya sa suke zuba bilic. Mu ƙura ce matsalarmu, kuma bilic yana cin kwano, don Allah kar wanda ya kwaikwayi wannan. Ruwa mai tsabta, buroshi mai laushi, da ƙaramin famfo mai bolt 12 irin na injin feshi mai batir sun isa. A yi da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, don ruwan sanyi a kan faranti mai zafi yana iya tsaga shi. Idan ruwan kanal ne, a bari ya kwanta a tace.

Jar kwamfiresonmu tana wajen wani mai faci a bakin titin Zariya, ya saye ta da ragi. Ta dace da shi, don taya ɗan lokaci take shan iska sannan inji ya huta. Mu kuma da famfon batir muke aiki duk Asabar, kuma har yanzu yayata tana bina ragowar kuɗinta.