Gani Ya Kori Ji: Rabin Yini A Ƙasar Kafanchan

A makon nan za mu ɗan huta da zancen siyasa da tsadar kayan masarufi, mu yi maganar tafiya, irin wadda mutum zai fita bayan karin kumallo, azahar ta same shi ya riga ya gama.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, wani abokin aikinmu ya dawo daga ƙasar Girka inda ya halarci wani taro, ya ishe mu da labarin wani tsibiri da ake kira Santorini. Ya ce da yake lokacinsa ƙalilan ne, sai ya ɗauki shatar mota shi kaɗai tare da ɗan jagora, suka yi kamar awa biyar suna zaga tsibirin. An kai shi ƙauyukan nan masu fararen gidaje da shuɗɗan ƙubbobi da ke lafe a gaɓar dutse, an kai shi tsohon garin Akrotiri wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne kimanin shekara 3,600 da suka wuce, aka fara tono shi a 1967, daga nan aka sauke shi a bakin teku mai baƙin rairayi. Kuɗin da ya biya kuwa, da ya faɗa mini sai da na riƙe baki.

Mutanen tsibirin nan ba su wuce 15,000 da 'yan kai ba. Ba su da kogi ko ɗaya, ruwan teku suke tacewa su yi amfani da shi. Amma duk da haka baƙin da ke kai musu ziyara a shekara sun haura miliyan 3, har ta kai ga a 2025 gwamnatin Girka ta sa harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido da ya sauka can a lokacin cunkoso. Na tambayi abokin nan nawa abin da ya fi tsaya masa a rai, ina zaton zai ce teku ko faɗuwar rana. Sai ya ce bakin ɗan jagoran nan. A ƙasar Girka sai mutum ya yi karatu ya sami lasin daga hukuma kafin ya yi wa baƙi bayani a wuraren tarihi, don haka duk dutsen da suka tsaya a gabansa, mutumin ya san labarinsa. Ashe hajar da Girkawa ke sayarwa labari ce, dutse da teku shimfiɗa ce kawai da aka baza ta a kai.

To, mu fa? Wannan tambaya ce ta sa da aiki ya kai ni Kafanchan a cikin damina, na ware safiya guda na ɗauki shatar wata tsohuwar mota, don in ga abin da rabin yini zai nuna wa mutum a kudancin Jihar Kaduna. Na san da yawa daga cikin masu karatu da sun ji an ce Kafanchan, abin da ke faɗo musu a rai shi ne rikicin watan Maris na 1987, ko na 1999, ko ƙone-ƙonen bayan zaɓen 2011. Waɗannan duk sun faru, an yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Amma garin da aka san shi da ranakun baƙin cikinsa kaɗai, an zalunce shi.

Da misalin ƙarfe bakwai muka fara da tashar jirgin ƙasa, domin ita ce uwar garin. A nan direbana ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya yi ritaya da daɗewa amma bai iya yini bai leƙo tashar ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, labarin wurin nan na zo ji." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka makara, amma zauna." Ya nuna mini inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya iso, aka haɗa shi da Kaduna a 1927, da kuma inda wani reshe ya balle ya hau tudu zuwa Jos don kwaso kuza. Daga jikin wannan reshen ne, a Kuru, aka ja layi har Maiduguri, wanda aka kammala a 1964. Wato duk mai zuwa gabas ko arewa maso gabas ta jirgi, sai ya bi ta Kafanchan. Shi ya sa Ibo da Yarabawa da Tibi da Hausawa da 'yan ƙasa suka cakuɗu a nan tun kakanninmu suna samari. Yau ciyawa ta rufe wasu layukan, tsofaffin taragu suna tsatsa, amma da dattijon nan ya shiga kwaikwayon kukan jirgin gawayi da kiran masu tallar abinci a bakin taga, sai na ga kamar tashar ta farka.

Daga nan muka bi ta ƙofar fadar Sarkin Jama'a. Masarautar nan ta samo asali ne tun farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, kuma hedkwatarta ba a nan take ba da farko, jirgin ƙasa ne ya jawo ta zuwa Kafanchan a zamanin Turawa. Garin kuma yana da 'yan asalinsa, waɗanda ke kiran kansu Fantswam, da nasu sarkin. Mai son ya fahimci Kafanchan dole ya ji daga bakin gidajen nan biyu, domin wanda ya ji ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya ɗauka.

Ba mu yi nisa da barin gari ta wajen Madakiya ba sai muka fara jin rugugi kamar na hadari. Matsirga ke nan, inda ruwan da ya gangaro daga duwatsun Kagoro ke tsirgowa daga bisan dutse mai tsawon kusan mita 30 ya faɗa cikin kwazazzabo. A cikin damina feshinsa yana tashi kamar hayaƙi, in rana ta haska shi sai bakan gizo ya fito. Na tsaya na yi tasbihi. Mu kaɗai ne a wurin sai wasu 'yan samari biyu da suka nuna mana inda za mu taka don kada santsi ya kwashe mu. Na tuna da mutanen Santorini masu tace ruwan teku, na ce a raina da su ke da wannan, da sai an yi layi kafin a gan shi.

Zango na gaba shi ne Kagoro, a gindin dogon dutsen nan da ke tsaye a kan garin kamar ganuwa. A nan ne ake bikin Afan ran 1 ga Janairu kowace shekara, bikin da ke nuna ƙarshen girbi da buɗe lokacin farauta. A nan ne kuma marigayi Malam Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har zuwa rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan, abin da sarakuna kaɗan ne suka samu a ƙasar nan. Wani matashi ɗan garin, wanda ya gama karatu yana zaman jiran aiki, shi ya raka mu gindin dutsen. Cikin Hausarsa mai kyau ya ce mini, "Malam, ka ga can sama? Can kakanninmu suka zauna, saboda mahaya masu kamun bayi ba sa iya hawa da doki." Bai faɗa da fushi ba, ni ma ban ji haushi ba, ko da yake na san daga wane gefe mahayan nan suke fitowa. Na ga ya fi mini alheri in ji wannan magana a gindin dutse daga bakin mai ita, muna shan ruwa daga gora ɗaya, da in ji ta ranar da rai ya ɓaci. A 1912 wani hafsan Ingila mai suna Tremearne ya buga littafi a kan mutanen yankin nan, wanda tun daga sunansa cin mutunci ne. Haka abin yake, in ba ka ba da labarinka ba, wani zai bayar a madadinka yadda ya ga dama.

Daga Kagoro muka juya yamma, muka bi hanyar Kwoi cikin gonakin citta zuwa ƙauyen Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba. Ƙauye ne kamar kowane, amma sunansa yana cikin littattafan tarihi na duniya duka. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a nan. A 1943 kuma aka sami wani kan a wata mahaƙa kusa da Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi, har daga baya ya kai ga hannun Bature Bernard Fagg a Jos, wanda ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya ƙera su. Shi ne ya raɗa wa wannan tsohuwar al'umma sunan Nok, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ya nuna cewa mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma daga baya sun iya narkar da tama su fitar da ƙarfe. Mai karatu ya lura, farkon zamansu bai yi nisa da lokacin da toka ta binne Akrotiri ba, garin da abokina ya biya maƙudan kuɗi don ya gani.

A nan ne abin baƙin cikin yake. Tun daga shekarun 1990 'yan sumoga suka yi ta sa talakawa suna tone ƙasa suna kwashe kayan nan ana fita da su waje a ɓoye. A 2000 an baje wasu daga cikinsu a babban gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, aka yi ta ƙorafi, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Kada mu yi saurin zagin manomin da ya sayar. Mutumin da bai taɓa ganin baƙo ya zo ƙauyensu ya sayi ko da ƙullin citta saboda kayan nan ba, kuma cuta ta cinye masa gona kamar yadda ta yi wa manoman citta a 2023, da wace hujja za a ce masa abin da ke ƙarƙashin gonarsa ya fi amfani a inda yake? Bagirke yana tsaron kangon kakanninsa ne domin daga nan tuwonsa ke fitowa.

Azahar ta same mu a Kwoi. Cikin awa shida na ga tashar da ta haɗa ƙasar nan, na ga matsirgar ruwa, na ga dutsen da ya ceci al'umma, na taka ƙasar da ta haifi tsofaffin sassaƙe-sassaƙen yumɓu da aka sani a Afirka ta Yamma. Abin da ya sa tafiyar ta yi armashi kuwa mutum uku ne, wato direba, da dattijon reluwe, da saurayin Kagoro, kuma dukkansu dace na yi da su. Baƙon da ya zo gobe ba shi da tabbacin zai yi irin wannan dace.

Saboda haka shawarata ba ta bukatar biliyoyi. Ƙananan Hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba su haɗa kai da sarakunan yankin, su zaɓi matasa daga kowace al'umma, Fantswam da Bajju da Kagoro da Ham da Hausawa da Fulani, a ba su horo na 'yan watanni a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, a ba su takardar shaida. Ƙungiyar direbobi ta ware motoci masu lafiya, a tsayar da kuɗin shata a rubuta a allo, don kada baƙo ya ji an cuce shi. A Matsirga a gyara matakala, a yi makewayi, a sa mai tsaro. A naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikatan reluwe tun suna raye, domin kowane ɗaya da ya kwanta dama ya tafi da nasa kundin. Kuma kada mu zauna jiran Turawa. Baƙin farko su ne ɗaliban makarantunmu na Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, da ma'aikatan Abuja da Jos waɗanda tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninsu da wurin.

Na san za a ce ina batun tsaro? Gaskiya ne, yankin ya sha fama da hare-hare da satar mutane, kuma ba na ba kowa shawarar ya kama hanya da ka. A tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a tashi, a yi tafiya da rana, a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, kada a shiga daji ba tare da ɗan gari ba. Amma mu sani cewa hanyar da mutanen kirki suka ƙaurace wa, ita miyagu ke gadar ta. Kuma yaron da ya taɓa cin abinci a gidan wani a Kagoro, ko wanda ya taɓa raka baƙo Bakano gindin dutse aka sallame shi da alheri, da wuya a zuga shi gobe ya ɗauki makami a kan wancan.

Da za mu rabu, dattijon reluwe ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in ka rubuta, ka ce musu su zo tun muna nan." To, Baba, na isar da saƙo. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.