Mabuɗi Bai San Hannun Da Ya Riƙe Shi Ba

Cikin 1991 wani masani, Mark Weiser, na ma'aikatar bincike ta kamfanin Xerox a Amurka, ya rubuta cewa wata rana kwamfuta za ta shige cikin kayan aikin yau da kullum har mutane su daina lura da ita. To, ga shi mun gani. Tana cikin wayar aljihu, da na'urar cirar kuɗi, da mota, har da kyamarar tsaron kanti. Kowacce kuwa ƙofa ce, kalmar sirri ce mabuɗinta.

Amma fa mabuɗi bai san hannun da ya riƙe shi ba. In ɓarawo ya same shi, ƙofa za ta buɗe masa kamar yadda ta ke buɗe wa mai gida. Saboda haka mu ke goyon bayan dabarar da Dorothy Denning ta bayyana cikin 1987, watau na'ura ta riƙa lura da al'adar kowane mai aiki da ita, lokacin da ya kan shiga, da inda ya kan shigo, da abin da ya kan taɓa. Ran da abin ya saɓa, sai ta yi gargaɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga malamin aji, gama ko da sunan yaro na kan takarda, rubutun hannu ya kan tona wanda ya yi aikin.

Sai dai gargaɗi ba shi da amfani in babu mai ji. Cikin 1913 ba mu da wannan damuwa, amma cikin 2013 ɓarayi suka saci kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai aikin na'urorin sanyaya ɗaki, suka shiga kwamfutocin kantunan Target na Amurka da ita, suka kwashe lambobin katin kuɗi wajen miliyan 40. Na'urar tsaro ta yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki da wuri ba. Mai gadi in ya cika ihu kan kowane motsin ɓera, lalle ran da ɓarawo ya zo ba wanda zai fito.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi damunmu. Abin da na'ura ta gani zato ne, ba shaida ba. Falken da ya kwana Kano ya wayi gari a Agadas bai yi laifi ba, ko da ya ke al'adarsa ta sake. In aka rufe masa asusu nan take, alhali ga kaya ya saya, to, an hukunta shi ba a ji ta bakinsa ba, kuma da wuya ya sake amincewa da bankin.

Abin da mu ke roƙon bankuna da kamfanonin waya shi ne, in zato ya taso a fara da tambaya. A aika wa mutum lamba ta waya ya tabbatar shi ne. In ya zama dole a rufe, a sa ma'aikaci wanda zai saurare shi a ranar, cikin harshen da ya ke ji. Labarin al'adunsa da aka tara kuwa, kada a sayar wa 'yan talla, a kuma gaya masa iyakar abin da aka ajiye.