"Haƙori Ne": Maganar da Ya Kamata Mu Daina Yarda da Ita

Akwai wata magana da kusan kowannenmu ya taso yana ji a gida, ko ɗan cikin garin Zuru ne, ko Dabai, ko Ribah, ko Mahuta. Jariri ɗan wata bakwai ya kwana yana zawo, jiki ya yi zafi rau, uwa ta rasa inda za ta sa kanta, sai wata babba a gidan ta leƙo ta ce, "Ke, kwantar da hankalinki, haƙori ne." Shi ke nan an rufe magana. Ba asibiti, ba gwaji. In an yi ƙoƙari a aiki yaro kemis ya karɓo "maganin haƙori", ko a ɗaura wa jaririn laya a wuya.

Ni dai a ganina mun ɗora wa haƙori laifin da bai aikata ba, sannan mun kau da kai daga ainihin ciwon da ke cikin baki. Kuma duka biyun suna cin rai.

Gaskiya ne fitowar haƙori na damun yaro. Dasashi na ƙaiƙayi, yawu na dalala, ga rigima, ga cizon duk abin da hannu ya kai. Jiki ma na iya ɗan ɗumi. Amma zazzaɓi mai zafi, zawo, amai ko suma, waɗannan ba aikin haƙori ba ne. To me ya sa suke zuwa tare? Saboda haƙorin farko yakan tsiro ne wajen wata shida, kuma daidai wannan lokacin ne kariyar da jariri ya samo daga jikin uwa tun yana ciki take raguwa. Lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa. Lokacin ne ya fara zama, ya fara rarrafe, ƙasa da kashin kaji da takalmin babansa duk baki yake kai su. Ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, sauro ma bai tafi hutu ba. Haƙori dai ya fito ne a lokacin da ake neman wanda za a kama.

Haɗarin shi ne jira. Wadda aka ce mata haƙori ne za ta zauna tana sauraren ya huda dasashi, alhali ruwan jikin yaron na ƙarewa. Ga shi maganin zawon ba wani abu ne mai tsada ba: ruwan gishiri da sukari na sacet, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono. Zazzaɓi kuwa a je a yi gwajin maleriya.

Shi kansa "maganin haƙorin" yana da tarihin da bai kamata a manta ba. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin ruwa mai suna My Pikin, wanda ake sayar wa iyaye don fitowar haƙori, ya kashe yara 84 a Najeriya, wasunsu a asibitin koyarwa na ABU da ke Zariya suka cika. An gano wani sinadari mai guba a cikinsa, irin wanda ake sa wa a man birki, shi ne ya lalata musu ƙoda. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, an kai maganar kotu. Ku tsaya ku yi tunani: yaran nan an ba su maganin ne don abin da ba cuta ba ne. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ko yatsan uwa da aka wanke a murza dasashin, ya wadatar.

Yanzu ga ɗaya gefen, bakin da ba wanda ke leƙawa. Abin daga uwa yake farawa.

Mace mai ciki, canjin da jikinta ke yi yana sa dasashi ya kumbura, ya riƙa jini da zarar buroshi ko asuwaki ya taɓa. Da yawa in sun ga jinin sai su daina goge bakin gaba ɗaya, wanda kuma shi ne ke ƙara ta'azzara abin. Ga laulayi: aman safe yana fito da tsamin ciki, tsamin yana cin fatar haƙori. Abin yi bayan amai shi ne kurkure baki da ruwa, a ɗan jinkirta kafin a sa buroshi. Ga kwaɗayin zaƙi da ciye-ciye dare da rana. In aka haɗa waɗannan, sai ka gane inda maganar nan ta "kowane ciki da haƙorin da yake tafiya da shi" ta samo asali. Amma ɗan da ke ciki ba ya tsotse haƙorin uwarsa. Rashin kula ne ke cire shi, da tsoron da aka cusa wa mata cewa mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori. Tana zuwa. Ana wanke mata haƙori, ana cike kogo, in ta kama a cire ana cirewa, abin da ake bukata kawai ta faɗa wa likita tana da ciki. Abin gudu shi ne ta aika kemis a haɗo mata magani. Tetracycline, wannan kafso da ake sha kamar gyaɗa, in mai ciki ta sha yana iya rina haƙoran ɗanta, domin haƙoran nan tun cikin wata na biyu na ciki suke fara ginuwa a ƙarƙashin dasashi.

Ranar awo ana auna nauyi, a auna hawan jini, a saurari bugun zuciyar ɗa. Ina ganin minti ɗaya na "Buɗe bakinki in gani" bai fi ƙarfin kowace cibiyar lafiya ba, daga babban asibitin Zuru har ƙaramin asibitin da ke Dirin Daji.

Sai babbar magana, wadda saboda ita na zauna rubuta wannan: ciwon noma. Ba noman gona ba, duk da mu mutanen ƙasar Zuru shi muka fi sani. Cuta ce da ke cin fuskar yaro, a wasu wurare ana ce mata ciwon iska, sunan da shi kansa yake sa a wuce asibiti a nufi wurin mai magani. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda ƙyanda ko maleriya ta kayar. Kuma da me take farawa? Da dasashi mai ciwo da jini, da wari mai ƙarfi daga baki. Sai kumatu ya kumbura, sai wurin ya yi baƙi, cikin 'yan kwanaki nama ya ruɓe ya huje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na mutuwa. Wanda ya rayu yakan rayu da ramin fuska, wani ma muƙamuƙinsa ya kulle, ci da magana su gagara. Amma in an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na yara masu noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma daga Kebbi da Zamfara ma ana kai yara can. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Mu da muka san yadda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Danko/Wasagu da Sakaba, aka bar gonaki, aka tsallake rigakafi, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan wane yaro ne ke cikin haɗari.

Na san abin da wani zai ce: haƙoran yarinta ne, ai za a yi famfara. To, haƙoran nan guda 20 ne, suna kammala fitowa wajen shekara uku, kuma na ƙarshensu ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Shekara nawa ke nan yana tauna da ruɓaɓɓen turmi? Yaron da tauna ke yi wa ciwo ba ya cin abinci sosai, ba ya barci. Kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. Tun haƙorin farko ake fara gogewa, safe da dare, da man goge baki mai fulorayid kamar ƙwayar shinkafa, bayan shekara uku a kai kamar ƙwayar wake. Kwanciya da fida cike da shayi mai sukari a baki kuwa, wallahi gara a daina. Mu ma da laifinmu: tsarabar hutu ba ta wuce alewa da biskit da lemon kwalba. Sau nawa ɗayanmu ya saka ƙaramin buroshi a jaka?

Wani kuma zai ce, ni wa zan iya da Goggo? Da gaskiyarsa. Wanda ya dawo hutu da semesta biyu a kai ya ce wa tsohuwa ba ta san komai ba, ya ɓata rawarsa da tsalle, don ita ta raini yara goma, kai ko ɗaya ba ka goya ba. Ba musu ake bukata ba. Ka ce, "Goggo, na yarda haƙori na fitowa, amma bari mu kai shi a gwada ko da maleriya a ciki, ni zan biya kuɗin mashin." Ita ta tsira da girmanta, yaron ya ga ma'aikacin lafiya. Kuma wayar da ke hannunka tana da tocila. Ɗaga leɓen ƙaninka ko ɗan yayarka ka haska. Jini, wari, kumburin kumatu: ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, ina da roƙo. A cikinmu akwai matan aure, wasu da ciki suke shiga lakca, wasu da goyo a baya. Ranar 20 ga Nuwamba ce ranar yaƙi da noma a Najeriya. In za a iya samun kuɗin DJ da kanofi a makon ɗalibai, za a iya gayyato ma'aikatan lafiyar haƙori su yi mana safiya ɗaya, su duba bakin masu ciki da na yaran da ke kewayen makaranta, su nuna mana hoton dasashin da noma ta fara kamawa, don mu gane shi in mun koma gida hutun ƙarshen shekara.