Ƙofar Da Ke Shaida Ƙwayar Cuta

Duk wanda ya san Illela ya san ba a raba ta da Birnin Ƙonni. Fatake da masu shanu suna ƙetare iyakar nan safe da yamma, ma'aikata suna duba takardunsu. Amma akwai matafiyin da ba ya tsayawa a shinge, watau ƙwayar cuta. A 2013 wani sabon irin sanƙarau ya ɓulla a Jihar Sakkwato, a 2015 ya auka wa Nijar, a 2017 kuma ya kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya. Kafin a tabbatar sabon iri ne, sai da aka kai samfuri har Oslo, a ƙasar Norway.

To, yanzu masana sun ƙago na'urar da za ta rage wannan doguwar tafiya. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da wani siririn zare wanda aka jera bayanin halittarta a kansa da haruffa iri huɗu. Sai a sami fata siririya a cikin ruwan gishiri, mai wata 'yar ƙofa wadda zare ɗaya kaɗai ke iya ratsawa, a saki lantarki ya riƙa bi ta cikinta. In zaren ya shiga sai ya tare hanya, ƙarfin lantarkin ya ragu, kamar yadda ruwan lambatu ke raguwa in an sa ƙafa a ciki. Haruffan nan kuwa kowanne da irin tarewarsa. Kwamfuta ke auna raguwar, ta karanta zaren, ta faɗi irin ƙwayar.

David Deamer na Amurka ya fara wannan tunani a 1989, aka nuna yiwuwarsa a 1996. A 2014 kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ya fito da na'urar MinION, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. An yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015, ana samun amsa cikin kwana ɗaya. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya tsananta, an gwada ta a asibitin Irrua, Jihar Edo, aka gane yawancin marasa lafiya daga ɓera suka ɗauka, ba wani sabon iri ba ne ke bin mutane. Hankali ya kwanta, aka san inda za a sa ƙarfi.

Lalle na'urar ba magani ba ce. Kayan aikinta suna da tsada, waɗansu sai an ajiye su cikin sanyi, kuma ba ta da amfani sai da hannun da ya ƙware. Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Sakkwato da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su horar da samarinmu wannan aiki, su zauna da likitocin Jihar Tawa a shirya yadda Illela da Ƙonni za su riƙa sanar da juna abin da suka gani.

Ku kuma malaman makaranta da akawuna, naku aikin ba ƙarami ba ne. Na'ura ba ta karanta samfurin da ba a kawo ba. In yaro ya kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a rubuta, a kai rahoto asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu.